Gadar Barton: Inda Ruwa Ke Juyawa a Kan Ruwa

Da asuba muka bar Jos, sanyi na ratsa ƙashi, muka gangara Hawan Kibo hazo bai gama washewa ba. Akwanga, Keffi, sai Abuja, da dare kuma jirgi ya ɗaga da ni zuwa Landan. Daga tashar Euston jirgin ƙasa ya sauke ni a Manchester, inda 'yata ke aikin jinya, ita da maigidanta da jaririn da na je gani.

Na yi rayuwata ina koyar da aikin ƙarfe da walda, su kuwa yaran sun san halina. Shi ya sa da surukina ya tambaye ni, "Baba, filin ƙwallo za mu fara zuwa ko manyan kantuna?" kafin in buɗe baki 'yata ta ce, "Kai shi Barton. In ya ga gadar nan ba zai nemi komai ba."

Barton unguwa ce a gefen Eccles, ba nisa da babbar kasuwar Trafford Centre. Babu wata alama mai ɗaukar ido a wurin. Titi ne da motoci, da tsohuwar coci a tsallake, da ruwa mai duhu a ƙasa. Sai da na tsaya a bakin ruwan na ɗaga kai na gane abin da nake kallo: hanyoyin ruwa biyu ne, duka ɗan Adam ne ya haƙa su, ɗaya ta haye ta saman ɗaya.

Ta saman ita ce babba a shekaru. Mashigin Bridgewater ke nan, wanda aka buɗe a 1761 don a riƙa kwaso kwal daga ramukan Worsley zuwa Manchester. Injiniyan da ya yi shi, James Brindley, ya gina gadar dutse ya haye da ruwan ta saman kogin Irwell, abin da mutanen lokacin suka ɗauka ba zai yiwu ba. Da kwal ya fara isowa ta ruwa, farashinsa a birnin ya faɗi kusan rabi. Har yanzu akwai guntun duwatsun tsohuwar gadar da aka adana a gefen titi, na kuwa shafa su da hannuna.

Bayan fiye da shekara ɗari, 'yan kasuwar auduga na Manchester suka gaji da kuɗin da ake tatsarsu a tashar ruwan Liverpool da na jirgin ƙasa. Suka yanke shawarar jawo teku har ƙofar gida. Aka haƙa babban mashigi mai tsawon kilomita 58, aka buɗe shi a 1894. To amma a Barton sabon mashigin ta hanyar kogin Irwell ya bi, manyan jiragen teku kuwa ba za su iya bi ta ƙarƙashin gadar Brindley ba, ta yi ƙasa da yawa. A nan ne nake jinjina wa Edward Leader Williams, injiniyan sabon aikin. Bai datse tsohuwar hanya don sabuwa ta wuce ba. Ya rushe gadar dutsen, ya maye gurbinta da ƙaton kwamin ƙarfe wanda ke juyawa da ruwansa a ciki.

Mun yi sa'a akwai jirgin 'yan yawon buɗe ido da zai wuce a ranar, domin yanzu manyan jirage ba su cika hawowa har nan ba. Aka tsayar da motoci, saboda gadar titi da ke kusa ita ma juyawa take yi. A tsakiyar mashigin akwai ɗan tsibiri siriri, a kansa hasumiyar jan bulo, daga nan ake sarrafa gadojin biyu. Da farko aka rufe ƙofofi: biyu a bakunan kwamin don su riƙe ruwan cikinsa, biyu a gaɓa don kada ruwan mashigin ya kwararo ƙasa. Sannan abin ya motsa. Wallahi na daɗe ban ga abin da ya tsaya mini a rai haka ba. Tan 1,450 ne gaba ɗaya, kusan tan 800 daga ciki ruwa ne zalla, yana juyawa sannu a kan tayoyin ƙarfe 64 da aka jera a da'ira, kamar yadda mace ke waiwayawa da tulu cike a ka ba ta zubar da ko ɗigo ba. Ya juya har ya daidaita da tsawon tsibirin, jirgi ya wuce mutanen ciki na ɗaga mana hannu, kwamin ya komo mazauninsa, aka buɗe ƙofofi.

"Baba, me ya sa ba sa zubar da ruwan tukuna? Ai da ya fi sauƙi," in ji surukina. Na ce masa ya lissafa lokacin zubarwa da na sake cikawa, da asarar ruwan da za a yi a duk wucewar jirgi, a zamanin da jirage ke bin juna dare da rana. Da matsin ruwa ake juya gadar, tun farko injin tururi ke ba da ƙarfin, daga baya aka koma famfunan lantarki. Amma gangar jikin ita ce dai ta 1894, ƙusoshin da aka dasa da zafi suna nan a jere, babu walda irin tamu.

Ban iya hana zuciyata komawa gida ba. Mahaifina ya yi aikin kuza, na kuma tashi ina ganin manyan injinan haƙa a wajejen Bukuru da Barikin Ladi, waɗanda daga baya tsatsa ta cinye a inda aka bar su. Ƙarfen Barton bai fi nasu kyau ba. Bambancin shi ne akwai wanda aikinsa ne ya zo da giris da fenti, ya duba roba a bakin ƙofa, shekara bayan shekara, kuma ba a daina ba. Wannan ya yi mini ciwo ƙwarai.

Da na dawo Jos na ba da labarin a majalisarmu ta bayan La'asar a Gangare. Ba juyawar ce ta jawo gardama ba. Abin da ya jawo ta shi ne da na ce ko ƙaramin jirgi ya shiga kwamin da lodinsa, nauyin gadar ba ya ƙaruwa. Wani dattijon makaniki da muke girmamawa ya girgiza kai ya ce, "Malam, na yarda da duk abin da ka faɗa, ban da wannan. Kaya ai kaya ne."

Na ce, "Alhaji, a kawo mana sikeli." Aka aro na mai sayar da dankalin Turawa, aka ɗora roba cike da ruwa har baki, muka duba allura. Na sa dutse a cikin kwanon silba na ajiye a kan ruwan, ya yi iyo, ruwa ya malalo ƙasa, allura ta koma inda take. Na bayyana musu cewa duk abin da ke iyo yana ture ruwa daidai nauyinsa, a Barton kuwa ruwan da jirgi ya ture yana komawa cikin mashigi tun kafin a rufe ƙofa. Alhaji ya ce a sake da dutsen da ya fi girma. Aka sake. Sai ya kira yaran garejinsa biyu ya ce su zo su gani, ya kuma tambaye ni ko za a iya ƙera ƙaramar irinta da falankin ƙarfe da boris ɗin tsohuwar mota. Mun riga mun yanka falankin, ƙofofin ne yanzu muke fama da su, domin har yau ruwa na ɗiga ta bakin robar.