Wahalar da na sha kafin in samu mai kula da lojisiyel

Ni dai aikina saka lojisiyel (program ɗin ordinatar) na lissafin magani ne a farmasi-farmasi nan Yamai, da wasu biyu a Tawa. Da kiliya suka yi yawa waya ba ta hutawa, tun asuba ake kira, sai na ce bari in ɗauki yaro.

Na farko ya zo da diplom tuli, faransanci kamar ruwa, wallahi na ruɗu. Sati na biyu wata Hajiya a Wadata ta kira, faktir ya ƙi fita ga mutane sun yi layi, yaron nan bai ko tambaye ta mi ya faru ba, ya shiga ordinatar ɗinta daga nesa da AnyDesk ya goge lojisiyel ɗin ya sake sakawa, kuma bai yi sobgad ba, wato bai ajiye kwafin lissafin ba. Lissafin kwana 9 ya tafi. Ashe wayar impirimanti ce kawai ta saki lokacin da aka matsa tebur ana shara! Dare biyu na yi da rasit na takarda ina sake shigarwa, Hajiya tsaye kaina tana cewa "Malam, haka kuke aiki?" Laifina ne dai, ni na ba shi kod, wato lambar sirrin shiga, tun ban san hannunshi ba.

Daga nan na daina karanta CV. Duk wanda ya zo sai in ɓata ordinatar da gangan, in canza kwanan wata, in cire wayar rezo, in fita waje in kira shi kamar ni ne mai farmasi, ina faɗa da Zabarmanci. Don a Yamai in ba ka jin Hausa da Zabarmanci rabin kiliya ba za su iya yi maka bayani ba. Sai in tambaya TVA, harajin da ake ɗorawa kan kaya, nawa ne, wasu ko 19% ɗin ba su sani ba, balle su san ba kowane kaya ake ɗora ma ba.

Mutum 7 na gwada. Wadda na ɗauka ƙaramin diplom na BTS kawai gare ta, amma kafin ta taɓa komai ta ce "Oga, ina sobgad na jiya?" Tana da kayye, kowace matsala sai ta rubuta. Tawa da nake cin kilomita sama da 500 a bas, yanzu ta WhatsApp take gamawa da su.

Wata 3 ta yi kafin in ba ta babban kod. Tsorona yanzu ɗaya, kar wani banki ya ji labarinta, shi ya sa watan jiya na ƙara mata jika 30 ba ta ma roƙa ba.