Godiya ga Duk Wanda Ya Tsaya Mana Kan Matsalar Wutar A-kori-kura

Assalamu alaikum 'yan uwa. Alhamdulillahi, mota ta koma bakin aiki, kayan mutane kuma sun isa 'Yankaba lafiya. Masu kira da masu turo saƙo suna tambayar yaya aka kwana, Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci.

Ga waɗanda ba su ji ba, mun taso daga Haɗejia da lodin tattasai da attaruhu, muna tsakanin Taura da Ringim da daddare, sai fitilun dashbod suka fara kyaftawa. Dama sun kwana biyu suna yi jefi-jefi, musamman in an faɗa rami. A daren nan abin ya wuce haka: allurar mai ta faɗi ta tashi, alamar batir ta kawo ja ta ɗauke, fitilun gaba su dushe su dawo. Da kaya a baya, ga manyan motoci suna tahowa, dole muka gangara gefen titi.

Godiya ta farko ga dattijo mai shayin da muka tsaya a gabansa. Baba, ka ba mu benci, ka ara mana cocila, ka kuma hana mu biyan kuɗin shayi. Allah ya yi wa zuri'a albarka. Sai ɗan uwa direban da ya tsaya ba tare da ya san mu ba, ya sa mu a gaba a hankali yana haska mana hanya har cikin gari. Ko lambarsa ban karɓa ba. In wannan saƙo ya kai gare shi, na gode.

Amma wanda ya fi ɗaukar nauyin godiyar nan shi ne mai wayarin ɗin da aka kai mu wurinsa da safe. Kafin mu isa gare shi na sha shawarwari. Wani ya ce batir ne ya mutu, wani ya rantse altaneta ce, wato na'urar da ke yi wa batir caji, in tafi Ƙofar Ruwa in sayo wata kawai. Shi ko spana bai ɗauka ba sai da ya ɗauko mitarsa ta auna wuta. Ya auna batir mota a kashe, ta nuna bolt 12.6, ya ce batir lafiyarsa lau. Aka tayar da inji, ta haura 14, ya ce to altaneta ma tana caji, don tsakanin 13.8 da 14.4 ake so a gani. Ya taɓa fambel, bai saki ba. Ya duba kawunan batir da gidan fis, babu abin da ya ƙone.

Daga nan ya ce in kunna komai, fitilu da fanka da waifa. Ya ɗora ɗaya daga cikin tsinkayen mitar a kan negatif ɗin batir, ɗayan a jikin inji. Ya ce in waya lafiya take, abin da za a gani bai kamata ya wuce 0.2 ko 0.3 ba. Tamu ta kusa kai bolt guda, kuma da yaronsa ya girgiza wayar nan mai kauri da ke haɗa inji da bodi, sai lambar ta riƙa tsalle, dashbod na kyaftawa a kan idonmu. Da aka kwance ta, ƙasan noti duk tsatsa ne, silin wayar kuma rabi sun tsinke a cikin roba, ta waje ba ka ganin komai.

Bayanin da ya yi mini shi ne, duk wutar da ta fita daga batir sai ta komo ta jikin ƙarfen mota. In hanyar komowar ta toshe, sai ta nemi ƙananan wayoyi ta bi, shi ya sa fitilu da allurai suke haukacewa tare. Ya tambaye ni ko motar tana shiga ruwa. Wanda duk yake bin hanyar Haɗejia da damina ya san amsar.

Ya kankare wurin da sanfefa har ƙarfe ya yi fari, ya sa sabuwar waya mai kauri, ya ɗaure tam, ya shafa giris. Ya kuma leƙa ƙarƙashin dashbod ya ƙara ɗaure ƙaramar wayar da ke jikin bodi a can. Abin da na biya gaba ɗaya bai kai kuɗin man da zan ƙona zuwa neman altaneta ba. Da ya ce mini altanetar ce, wallahi da na saya ban yi musu ba. Malam, Allah ya ƙara buɗi, ya sa wa sana'a albarka.

Alhaji mai kaya, na gode da haƙuri. Tattasai ba ya jira, amma da na kira ka, lafiyarmu ka fara tambaya kafin buhunanka. Yaron motata da ya kwana a kan lodi yana gadi, da uwargida da ta kasa barci tana ta kira, Allah ya biya ku.

'Yan uwa direbobin da suka ce tasu ma tana irin wannan kyaftawar, ku same ni a tasha ranar kasuwa, zan kwatanta muku garejin.