Tutar da kuka gani a bayana

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Muna lafiya, yara ma lafiya, a gaida kowa da kowa.

Tun da na tura hoton da aka ɗauke ni a gaban majalisar jiha a St. Paul, tambaya ɗaya ake ta yi mini: tutar wace ƙasa ce a bayanka, ko ka bar Amurka ne? Ina nan. Tutar jihar Minnesota ce, don a nan kowace jiha da tata, ana ɗaga ta tare da ta tarayya. Na san na yi alkawarin ba ku labarin aiki da kuɗin haya, amma ku bari in fara da wannan.

Sabuwa ce fil. An fara ɗaga ta ranar 11 ga Mayun 2024, wato ranar da Minnesota ta zama jiha a 1858. Shuɗin nan mai duhu da ke hagu, in kun lura da yadda aka yanka shi, siffar taswirar jihar ce. Farar tauraruwa mai tsini 8 da ke cikinsa tauraruwar arewa ce, don kirarin jihar ke nan tun da, kuma irinta ce aka zana a daɓen cikin majalisar. Shuɗi mai haske kuwa ruwa ne. Ana kiran jihar ƙasar tafkuna 10,000, amma sun ma fi haka, kuma daga tafkin Itasca kogin Mississippi ya faro. Ni da na taso ina bin layin rijiya da rani, har yau in na wuce wani tafki sai na tsaya na kalla. Da sanyi kuwa ruwan nan daskarewa yake yi, har mutane su hau da mota su huda ƙanƙara su kama kifi. A Janairu in ka fita ba safar hannu, kafin ka buɗe mota yatsunka sun daina ji. Sanyin hunturu na gida, wallahi ɗan'uwa, wasa ne.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne dalilin sauya tsohuwar. A tsakiyarta akwai hatimin jiha: Bature yana huɗa da garma, bindigarsa jingine a kututture, can gefe kuma ɗan asalin ƙasar a kan doki yana wucewa. Mutanen Dakota da Ojibwe, wato ƙabilun 'yan asalin ƙasar, sun daɗe suna cewa hoton korarsu ne aka mayar abin alfahari. Kuma ba ƙarya suka yi ba. A garin Mankato, ranar 26 ga Disamban 1862, an rataye mutanen Dakota 38 lokaci guda bayan yaƙin da aka yi da su. Sunan jihar ma nasu ne, Mni Sota, maganar ruwa ce a harshensu. Ka yi tunanin jikan waɗannan mutane yana shiga makaranta kullum yana ganin wancan hoton a sama.

Majalisa ta kafa kwamiti, aka ce kowa ya kawo zane, aka samu sama da 2,000. Na wani matashi Andrew Prekker aka ɗauka aka gyara. Ba kowa ya ji daɗi ba. Wasu sun ce an share tarihi, wasu suka baza cewa ta yi kama da tutar Somaliya, saboda Somaliyawa suna da yawa a Minneapolis. Ni dai a ganina an yi daidai.

Ɗiyata ce ta fara bayyana mini duk wannan, a makaranta aka koya musu. Sai ta ce, Baba, tamu ta Najeriya fa? Na ce mata kore noma ne, fari zaman lafiya, Taiwo Akinkunmi ya zana ta yana ɗalibi a Ingila, aka ɗaga ta a 1960. Da ta tambaye ni dagin Arewa da ke jikin hularmu da bangon gidajen sarauta, sai na ga lallai in nemi dattawa su yi mini bayani. Don Allah wanda kakansa ke raye ya tambaye shi, ya ɗauki muryar a waya ya turo mini.

Maganar haya kuwa, akwai tsada. Sai wasiƙa ta gaba in Allah ya kai mu.