Agogon zuwa dina: hannun riga ne ke zaɓe, ba sunan kamfani ba

Yawancin maza sai sun gama da tela, sun karɓo hula daga wanki, sun goge takalmi, sannan suke tuna agogo. Sai a janyo wanda ake zuwa aiki da shi kullum a ɗaura, a nufi wurin dina. A nan ne za ka ga ango cikin baƙar kwat mai kyau, amma hannun farar rigarsa ya tattare a bayan wani ƙaton agogo kamar murfin kwalba, kuma haka zai fito a duk hoton da aka ɗauka a daren.

Kafin a yi maganar kuɗi ko suna, a fara da kauri. Rigar da ake sawa a ƙarƙashin kwat ta dare tana da hannu mai ninki biyu, wanda ake haɗe bakinsa da maɓallin ƙarfe, kuma tana leƙowa daga hannun kwat da kamar santimita 1 zuwa 1.5. Agogo zai zauna ne a ƙarƙashin wannan hannu. Idan kaurinsa daga gilashi zuwa murfin baya bai kai milimita 10 ba, zai shige ba gardama. Mai milimita 6 zuwa 8 shi ne ainihin agogon dare. Agogunan masu ninkaya, irin masu zoben nan da ake juyawa, sukan kai milimita 12 zuwa 15, G-Shock kuwa yakan wuce haka. Irin waɗannan suna tokare hannun riga, su ɗaga hannun kwat na gefe ɗaya, sai mutum ya zama kamar hannunsa ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Gwajin ba shi da wuya: sa rigar, ɗaura agogon, ɓalla maɓallin, ka saki hannunka ƙasa. Ya kamata agogon ya ɓace gaba ɗaya. Miƙa hannu kamar za ka gaisa, sai rabinsa ya leƙo. Idan sai ka sa yatsa ka tura shi ciki, bai dace da wannan rigar ba. In rigar ɗinki za a yi, gaya wa tela ya ƙara wa hannun da kake ɗaura agogo rabin santimita zuwa santimita ɗaya; masu ɗinkin rigunan Turai sun daɗe suna yin haka.

Sai faɗi. Ari tef ɗin tela ka auna wuyan hannunka, dab da saman ƙashin nan da ya fito. Mai santimita 15 zuwa 16.5 ya nemi agogo mai faɗin milimita 34 zuwa 36. Mai 17 zuwa 18 ya tsaya tsakanin 37 da 39. Sai wanda hannunsa ya kai 19 ne zai ɗauki 40 ba tare da an lura ba. Akwai wani awon da masu sayarwa ba su cika faɗa ba, wato tsawo daga ƙafafun sama zuwa na ƙasa, ƙarafan nan da suka fito daga jikin agogo inda fatar ɗauri ke kamawa. Ɗora agogon ka duba daga sama: idan ƙafafun sun zarce faɗin hannunka suna reto, ya yi maka girma ko me lambar ta ce. Kada kuma a yanke hukunci da hoton waya da aka ɗauka kusa-kusa, don yana ƙara wa agogo girma. Madubi daga nesa ya fi faɗin gaskiya.

Dalilin wannan kame kai yana da tarihi. A tsohuwar al'adar Turawa, ana ganin rashin ladabi ne baƙo ya riƙa duba lokaci a wurin liyafa, kamar ya ƙosa ya tafi, don haka ko dai a bar agogo a gida ko a ɓoye siririn agogon aljihu. Agogon hannu bai zama kayan maza sosai ba sai bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, kuma waɗanda suka kafa siffar agogon dare duk daga wannan zamanin suka fito: Cartier Tank mai kusurwa huɗu da Louis Cartier ya zana a 1917, Reverso na Jaeger-LeCoultre a 1931, wanda aka yi domin masu wasan folo a Indiya har ana iya kifar da fuskarsa, sai Calatrava na Patek Philippe a 1932. Ba ana cewa a sayi ɗayansu ba ne, kuɗinsu ya isa a yi wani bikin. Abin lura shi ne abin da ya haɗa su: fuska fara ko ruwan azurfa ko baƙa, ba tarkace, hannun awa da na minti, wani lokaci da ƙaramin na sakan, sandunan sirara ko lambobin Rumawa, shi ke nan. Ba ƙananan da'irori uku, ba maɓallan gefe, ba koren fenti mai haske a duhu. Ko tagar kwanan wata ma an fi so babu, ko da yake ba wanda zai kore ka daga zaure saboda ita.

Wannan siffa akwai ta a kowane farashi. Nomos Tangente na Jamus mai faɗin milimita 35 bai kai milimita 7 a kauri ba. Longines La Grande Classique mai batir siriri ne ƙwarai. Timex Marlin mai milimita 34 da ake wanawa da hannu yana da kyau ga mai siririn hannu. Orient Bambino, wanda samari ke so saboda sauƙin kuɗi, yana da kauri kusan milimita 12, amma tudun gilashinsa ne ya kawo yawancin kaurin, kuma hannun riga yakan zame a kansa. A gwada dai kafin ranar. Ko siririn Casio mai batir da farar fuska, in aka sauya masa fata, zai yi aikin. A ganina ya fi jabun Rolex mutunci nesa ba kusa ba, domin a kowace dina akwai wanda ya san na gaske, kuma yawanci teburinku ɗaya.

Launin ƙarfen agogo ya bi na maɓallan hannu da duk wani ƙarfe da ke jikinka: fari da fari, ruwan gwal da ruwan gwal. Ga namiji Musulmi, zinare haramun ne a jikinsa, kuma abin da ake kira farin zinare shi ma zinare ne da aka gauraya da wani ƙarfe, launinsa kawai ya sauya. Wanda aka yi wa ruwan gwal a sama kuwa, malamai sun yi magana a kansa da saɓani, mai son fita daga shakka sai ya ɗauki farin ƙarfe marar tsatsa. Dama shi ya fi dacewa da baƙar kwat da farar riga, kuma ba ya koɗewa. Ruwan gwal mai araha yakan fara gogewa a gefuna da wajen maɗauri, inda zufa da turare ke taruwa.

Fata ita ce rabin kwalliyar. Baƙa, mai santsi ko mai zanen kada, siririya, ɗinkinta baƙi. Farin zare ko ja a gefe ya mai da ita ta yawon Asabar. Yawancin agogunan wannan girma suna cin fata mai faɗin milimita 18 ko 20. Auna tsakanin ƙafafun kafin ka saya, don mai 18 a gurbin 20 za ta bar ƙarfen da ke riƙe ta a fili. Mai gyaran agogo zai sauya ta cikin minti biyar. Duba shafin ciki: wasu fatun ana yi musu shafi da fatar alade, ana gane ta da ƙananan huji uku-uku a haɗe. Sabuwar fata tana da tauri, tana ɗaga agogo daga hannu, don haka a sa ta kwana huɗu ko biyar kafin biki ta lanƙwashe. Ɗaurin da ya yi daidai shi ne wanda ƙaramin yatsa zai shiga da ƙyar. In ya fi haka saki, agogon zai zamo kan tafin hannu duk lokacin da ka ɗaga hannu yin liƙi.

A dinar Kano ko Kaduna ko Abuja, sau da yawa ango da abokansa ba kwat suke sawa ba, babbar riga ce ko kaftani na shadda, kuma nan lissafin ya ɗan sauya. Ana naɗe hannun babbar riga a kafaɗa, saboda haka hannun 'yar ciki ne ke hulɗa da agogo. Idan tela ya yi shi a buɗe, akwai fili, mai milimita 40 da kauri 11 ma zai wuce, kuma yalwar rigar tana iya haɗiye ƙaramin agogo mai 34 har ya zama kamar na aro. Idan kuwa hannu mai maɓalli aka yi, dokar kwat ta dawo, har ma ta fi tsanani, domin shadda mai sitaci ba ta miƙewa. Agogo mai sarƙar ƙarfe ya fi karɓuwa da manyan kaya fiye da kwat, amma a shafa maɗaurinsa da yatsa tukuna: baki mai kaifi yana kama zaren aiki ya zare shi duk lokacin da aka gyara riga. Launin fata ya bi takalmi, ba hula ba. Farar shadda da takalmi ruwan ƙasa, fata ruwan ƙasa mai duhu.

Mata sun fi samun sassauci. Ƙaramin agogo mai milimita 24 zuwa 30, launinsa ya bi sarƙa da 'yan kunne. A raba shi da awarwaro, kowa da hannunsa, don gogayya tana karce gilashi da gefen agogo cikin dare ɗaya. Lalle da bai gama bushewa ba yana rina fatar agogo mai haske, kuma ba ya fita.

Agogon zamani mai allo ba na dina ba ne. Yana kunna haske duk lokacin da aka ɗaga hannu, saƙo ya shigo ana tsakar yanka kek, a hoto kuma ya fito baƙin dunƙule. In dole ne a sa shi, a kashe hasken da sanarwa, a sa masa baƙar fata.

Saura shirin ana gobe biki. Mai batir, duba hannun sakan: a agoguna da yawa, idan ya fara tsallen sakan huɗu-huɗu, batir ya kusa ƙarewa, kuma batir yakan yi shekara 2 zuwa 3 ne. Mai wani, wato wanda ake wanawa da hannu, ko otomatik mai wana kansa da motsin hannu, in ya kwana biyu a akwati zai tsaya, domin yawancinsu awa 38 zuwa 42 suke riƙewa. Cire shi daga hannu, murza kan da ke gefensa sau 20 zuwa 30, in mai wanin hannu ne ka tsaya da zarar ya yi tauri. Kada a gyara kwanan wata alhali agogon yana nuna tsakanin ƙarfe 9 na dare da 3 na asuba, lokacin haƙoran da ke juya kwanan suna haɗe, ana iya karya su. Kai shi ƙarfe 6 tukuna. Kada kuma a ajiye shi a kan lasifika ko kusa da maɗaurin jaka mai maganaɗisu, yana sa agogo mai wani ya riƙa gudu da mintuna a rana, sai mai gyara ya cire masa maganaɗisun.

Turare a fesa kafin a ɗaura agogo, a bari ya bushe, don yana busar da fatar agogo har ta tsage. Yawancin agogunan dare an rubuta musu mita 30 a baya, kuma wannan ba ya nufin a nutsa da su, yayyafi kawai suke ɗauka. Tunda Magariba da Isha sukan riski mutum cikin shiri ko a wurin taron, lokacin alwala a cire shi gaba ɗaya a sa a aljihun da babu mukulli ko waya, a bari hannu ya bushe sannan a mayar.