Jar fitilar da na raina a hanyar Daura

Maigidana ne ya koya min tuƙi, da tsohuwar Corollarsa 'yar Beljiyam, a wani filin ƙwallo da ke bayan unguwarmu a Katsina. Giya, kuloci, birki, ribas, duk na iya su cikin wata biyu. Fitilun nan na gaban sitiyari kuwa ko sau ɗaya ba mu taɓa zancensu ba. Akwai wata ruwan ɗorawa mai siffar inji da take kunne tun ranar da aka sayi motar, bakanike ya ce ba komai, haka 'yan Beljiyam suke. Da haka idona ya saba ganin wuta a wurin, har na daina ganinta.

Wata Asabar cikin tsananin zafin bazara aka yi min waya Inna ba ta jin daɗi. Na kwashi yarana biyu muka kama hanyar Daura, tafiyar kusan kilomita 80. Mun wuce Mashi kaɗan sai wata ja ta fara lumshewa, kamar butar shayi da ɗigo a bakinta. Da farko sai na sha kwana take haskawa ta ɗauke, daga baya ta zauna daram. Na ce a raina 'yar uwar waccan ce, in mun isa a duba. Hankalina yana wajen Inna. Ban fi minti goma ba na fara jin ƙwas-ƙwas daga cikin bonet, ƙarar tana ƙaruwa, motar ta yi nauyi, kafin Shargalle ta mutu a hannuna. Da ƙyar na gangara da ita gefen titi. Muka zauna ƙarƙashin wata bishiya, ƙaramin yana kukan ƙishirwa, ni kuma ina kallon baƙin mai da ya yi layi a kan kwalta tun daga inda muka fito.

Kawu ne ya zo ya ja mu, ƙanen Inna, wanda ya yi shekara talatin yana tuƙin motar gwamnati. Ya leƙa ƙarƙashi ya ce noti ne na wurin juye mai ba a ɗaure shi da kyau ba a sabis ɗin da aka yi mana, man ya tsiyaye, inji ya buga. Sati uku motar ta yi a gareji, kuɗin da muka tara na makarantar yara ya tafi can.

Da aka gama gyara, Kawu ya zo Katsina da kansa. Ya sa ni na zauna a mazaunin direba ya ce, "Murɗa makulli, 'yata, amma kada ki tayar." Fitilu suka kama a lokaci guda. Ya ce mota ce take gwada su, in inji ya tashi dole su ɗauke, wadda ta rage ita ce mai magana. Launi ne farkon abin dubawa: ja na nufin a nemi wuri a tsaya, ruwan ɗorawa a kai ta a duba ba da jimawa ba, kore da shuɗi kuwa sanarwa ce kawai, kamar sigina ko doguwar fitila.

A kan butar ya fi daɗewa. Na zaci tana nufin mai ya ɗan ragu ne. Ashe ƙarfin da famfo ke tura man cikin inji ne ya faɗi, ƙarfe ya fara cin ƙarfe ke nan, ba a ba ta ko minti biyu. A kashe inji, a jira kaɗan, a zaro sandar gwada mai a goge, a mayar a sake zarowa. In man ya cika kuma fitilar ba ta ɗauke ba, kada a tayar, a kira bakanike. Mai hoton batir, ya ce, yawanci ba batir ɗin ne ya mutu ba, caji ne ba ya shiga, sau da yawa fanbel ne ya tsinke, kuma a motoci da dama bel ɗin nan shi ke juya famfon ruwa, don haka zafi na biye. Ta zafin ita ce mai kama da ma'aunin zazzaɓi a cikin ruwa. Nan ya riƙe hannuna ya ce ko da wasa kada in buɗe murfin lagireto inji na da zafi, ya nuna min tabon ƙuna a damtsensa. Da'ira mai alamar motsin rai a tsakiya, ko hambirki ne ba a sauke ba, ko man birki ya yi ƙasa. Ruwan ɗorawar nan tamu kuma ya sa aka jona wa motar kwamfuta, aka gano wata 'yar na'ura ce a jikin salansa ta lalace, shi ya sa take shan fetur kamar ruwa duk shekarun nan.

Abu guda ya tayar min da hankali. Kawu ya lura fitilar balan-balan ɗin sitiyari, wanda ke fitowa ya tare direba in an yi karo, ba ta kama ba sam da aka murɗa makulli. Mai rewaya ya kwance allon, sai ga baƙin salatif an manna a kanta ta ciki, tun kafin motar ta zo hannunmu. Wanda ya yi wannan ya san abin da yake ɓoyewa, kuma iyalin wani ne za su shiga motar. Har yau in na tuna raina yana ɓaci.

Sai zancen zama. Ni gajeriya ce, maigida dogo, don haka nakan jawo kujera har ƙirjina ya kusa taɓa sitiyari, ina ganin haka ne zan fi ganin hanya. Kawu ya ce in taka kuloci har ƙasa, gwiwata ta rage da ɗan lanƙwasa, nan ne wurin kujerar. Ya miƙar da majinginar, ya ce in manna kafaɗuna a jikinta in miƙa hannu, wuyan hannuna ya sauka a saman sitiyari. Tsakanin ƙirji da sitiyari a bar kamar santimita 25, shi da taƙi ya auna, taƙi ɗaya da 'yan yatsu, domin balan-balan in ya fashe da ƙarfin gaske yake fitowa. Matashin kan kujera, da nake ɗauka ado ne, ya ɗaga shi ya yi daidai da saman kaina, saboda wuya in an bugi mota ta baya. Madubai a ƙarshe. Ciwon kafaɗar da nake dawowa da shi daga Daura tun daga ranar ban sake jin sa ba.

Bel ɗin kujera kuwa, gaskiya ta bayana nake zagayo da shi in maƙala don ƙarar ta yi shiru, sai na hango 'yan rod sefti in jawo shi. Maigida cewa yake yana yamutsa masa gugar shadda. Hukumar kiyaye haɗurra an kafa ta a 1988, ta fara tilasta ɗaura bel a 2003, amma da yawanmu tsoron tara muka koya, ba amfaninsa ba. Na karanta daga baya cewa wani injiniya ɗan Suwidin, Nils Bohlin, ya ƙirƙiro irin wannan bel mai ratsa kafaɗa da ƙugu a kamfanin Volvo a 1959, kamfanin kuma ya bar kowa ya kwaikwaya kyauta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yana rage haɗarin mutuwa da kusan rabi. Na ƙasan a kan ƙashin ƙugu yake zama, mai juna biyu ta sauke shi ƙarƙashin ciki. Na saman ya bi tsakiyar kafaɗa, kada ya hau wuya, kada a cusa shi a hammata. Da babban hijabi, na gano in na tattaro shi na daidaita kafin in ɗaura, ba ya shaƙe ni, ba ya kuma kama giya. Yara na mayar da su baya. Ƙaramin ya yi kwana uku yana rigima, don ya saba tsayawa tsakanin kujeru yana riƙe da kafaɗata.

Bayan ƙaramar Sallah muna dawowa daga gaisuwa, daf da shataletalen Ƙofar Ƙaura, wani mai babur ɗauke da buhu biyu ya yanko gabana ba ko waiwaye. Na taka birki iya ƙarfina. Bel ya ƙame ya riƙe ni, jakata da ke kujerar gefe ta tashi ta bugi gilas, kayan ciki suka watse. Na juya da sauri. Su biyun suna nan a wurinsu, ƙaramin ya zaro ido, robar ruwansa ta gangara ƙarƙashin kujera. Na yi fakin gaba kaɗan, na kai minti biyar ina salati kafin hannuna ya daina rawa. Da dare na ga jan layi a kafaɗata, na nuna wa Abbansu. Washegari da zai fita aiki na leƙa ta taga, na ga ya tattare babbar rigarsa yana jawo bel.