Daga Zurik Zuwa Janiba a Jirgin Ƙasa

Suwizalan ƙaramar ƙasa ce, kuma ƙanƙantar nan tata ce ke yaudarar baƙo. Mutum ya dubi taswira ya ga birane kusa-kusa, sai ya ɗauka zai share su duka cikin ɗan hutun da ya samu. Tun ina gida na yanke shawarar ba zan yi haka ba. Na tsayar da Zurik wurin sauka, Janiba wurin tashi, tsakani kuwa Luzern da Interlaken da Bern, na haƙura da sauran.

Zurik ban ba ta lokaci sosai ba. Abin da na fara koya a can shi ne kada in sayi ruwan gora, domin maɓuɓɓugan da ke kan tituna ruwan sha ne, sanyi ƙarara. Kuɗinsu faran ne, ba yuro ba, tsada kuwa sai wanda ya gani. Saboda haka abincina yawanci daga kantunan Migros da Coop ne: burodi da cuku da 'ya'yan itace. In na yi marmarin nama, sai in nemi shagon kebab na Turkawa in tambayi ko halal ne.

Daga Zurik zuwa Luzern bai kai awa guda ba. Na riƙe tikitin Swiss Travel Pass, wanda ke shigar da mutum jirgin ƙasa da bas da jirgin ruwa. A Luzern na taka gadar katako ta Kapellbrücke mai rufi, wadda aka gina a ƙarni na 14. Gobara ta cinye yawancinta a 1993, aka sake gina ta, kuma in ka ɗaga kai za ka ga wasu allunan zanen da ke ƙarƙashin rufin baƙi ƙirin, an bar su yadda wuta ta bar su.

Hanyar Luzern zuwa Interlaken ce ta tabbatar mini cewa a ƙasar nan zaman jirgi ba ɓata lokaci ba ne. Kusan awa biyu jirgin na bin gefen tafkuna, sannan ya kama hawan mashigar Brünig a hankali. Shanu na kiwo a gangare da ƙararrawa a wuya, itacen hura wuta kuwa an jera shi jikin gidaje tsaf. Ba wanda ya tanka wa wani a taragon, kowa idonsa na taga.

A Interlaken na fi daɗewa, da gangan. Hawa dutse sai da yardar sararin sama, don haka na bar rana guda ba tsari. Da safe na duba kyamarorin da ke nuna ƙololuwa a intanet, na ga hazo ya rufe Jungfraujoch, tashar jirgin ƙasa mafi tudu a Turai, mita 3,454. Kuɗin hawa ba kaɗan ba ne, ko da rangwamen tikitina, ban ga dalilin biyansa in je in kalli farin hazo ba. Sai na nufi kwarin Lauterbrunnen, inda ruwan Staubbach ke zubowa daga kusan mita 300, iska na watsa shi kafin ya taɓa ƙasa. Washegari gari ya washe, na hau Jungfraujoch. A can sama numfashi kan yi nauyi, dole mutum ya rage sauri.

Bern yini guda ta ishe ni. Na tsaya gaban hasumiyar agogo ta Zytglogge, na bi rumfunan tsohon gari har gidan da masanin kimiyya Einstein ya zauna a 1905. Lahadi ce, kantuna a rufe, sai na cikin tasha.

Bayan Fribourg sanarwar jirgi ta koma Faransanci, daga nan har Janiba. Na ga ruwan Jet d'Eau na tashi mita 140, na je gaban ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya, sannan na nufi masallacin Petit-Saconnex, wanda aka buɗe a 1978. Tun saukata ƙasar sallar ƙasaru nake yi ni kaɗai a masauki, sai a nan na samu jam'i. Bayan sallama wani dattijo ɗan Nijar ya ji ina waya da Hausa, ya riƙe hannuna ya ce, “Malam, ai ba ka tafiya sai ka ci tuwo a gidana.”