Godiya ga duk wanda ya sa hannu a haɗa kekunan nan

Assalamu alaikum. Kwana uku ke nan ina son rubuta wannan, sai yau gajiya ta sake ni. Alhamdu lillahi, kekuna 20 ɗin da ma'aikatan ofishinmu suka haɗa ranar Juma'ar da ta wuce a nan Nottingham duk sun isa hannun masu su.

Ga 'yan'uwa na gida da ba su san al'adar ba: kamfanoni da yawa a Ingila sukan ware rana guda, a rufe kwamfuta, ma'aikata su fita tare don su san juna, hannu ya saba da hannu. Wasu wasanni suke zuwa, wasu cin abinci. Bana da aka nemi shawara sai na ce, me zai hana kuɗin da za a kashe a sayo sababbin kekuna a kwali, mu haɗa su da kanmu, mu bai wa masu neman mafaka da ke garin nan? Doka ba ta barin akasarinsu su yi aiki har sai an yanke hukunci kan takardunsu, abin da gwamnati ke ba mutum kuwa bai kai fam 50 a mako ba. A ciki zai ci, ya sa sutura, ya sayi sabulu da katin waya. Idan ya hau bas zuwa ajin koyon Turanci ya dawo, kuɗin cefanen ranar ya tafi. Shi ya sa za ka ga mutum yana taka sayyada tafiyar awa guda cikin ruwa da sanyi don ya ga lauyansa.

Godiyata ta farko ga shugabar sashenmu. Ta karɓi maganar, ta kai ta sama, ta tsaya a kanta har aka saki kuɗin. Ta kuma tsara lokacin hutu yadda ni da abokan aikina Musulmi biyu muka je masallacin Juma'a muka dawo ba mu rasa komai ba. Ban roƙe ta ba, ita ta tuna da kanta.

Mu 40 ne, aka raba mu huɗu-huɗu, kowane rukuni kekuna biyu, kuma da gangan aka gauraya mu. A namu akwai babban darakta, da wata yarinya daga sashen lissafi, da ni, da wani dattijo mai kula da sito. Shekara huɗu ina gaisawa da bawan Allah nan a bakin ƙofa, ban taɓa sanin cewa gyaran keke ne sana'arsa a ƙasarsu ba. Muna yanka kwali ya ɗaga tayar gaba, ya juya ta, ya kasa kunne, ya ce tana gogar birki. Daga nan shi ya zama malami. Na ga darakta a durƙushe yana riƙe da keke da hannu biyu, dattijo yana ce masa ya ɗan karkata hagu, shi kuwa yana karkatawa. Baba, na gode. Ranar Litinin na ji yadda mutane ke kiran sunanka a hanyar kicin, waɗanda a da ko kallon sito ba sa yi.

Amma wadda nake jin nauyinta fiye da kowa ita ce bakanikiyar da ta zo duba aikinmu. Haɗa keke daga kwali kamar wasa ne a ido: a ɗaura kai, a sa tayar gaba, a zura sirdi, a murɗa feda. Sai dai fedar hagu ba kamar sauran notina take ba, hagu ake juya ta kafin ta ɗaure. An yi ta haka ne don kada ta warware idan ana tuƙi. A keke na biyu Baba ya je neman famfo, na ɗauki sufana mai lamba 15 ina matsa ta dama, ta ƙi shiga, na ƙara ƙarfi. Daga can nesa matar nan ta hango, ta zo ta dafa hannuna, ta nuna mini harafin L da aka buga a gindin fedar. Saura ƙiris in cinye zaren, keken ya tashi aiki tun kafin a hau shi. Ta shafa ɗan giris, ta ce in fara da yatsu, sufana sai a ƙarshe.

Da yamma kowa yana tafi yana murna an gama, ita kuwa ta ware kekuna uku ta ce ba za su fita ba. Ɗaya an juya ƙarfen da ke riƙe tayar gaba ya kalli baya, ɗaya an ɗaga sirdi ya wuce layin da aka zana masa, na ukun birkin gaba, wanda a ƙasar nan yake hannun dama, ba ya kamawa. Ta zauna awa biyu bayan lokacin da aka biya ta. Ta ce wanda zai hau ba shi da kuɗin gyara, kuma zai bi titi ɗaya da manyan motoci. Allah Ya saka mata, Ya sa albarka a sana'arta.

Ina godiya ga waɗanda suka haɗa kuɗi daga aljihunsu aka ƙara wa kowane keke hular kwano da kwaɗo da fitila, fara a gaba ja a baya, kamar yadda doka ta tanada ga mai tuƙin dare. Da ƙungiyar sa-kai da ta zaɓo masu karɓa. Su suka roƙi kada a ɗauki hoton kowa, kamfani kuma ya yarda, ko da yake na san an so hotunan. Aka bar mutane suka karɓa da mutuncinsu.

Akwai dalilin da ya sa abin ya zauna mini a rai. A kan keken Rali, wato Raleigh, na tashi. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, da baƙin kekensa mai tambarin zalɓe yake goya ni zuwa makaranta a Kano, ƙafafuna a buɗe don kada waya ta kama ni. Ban san cewa wata rana zan zauna a garin da aka haifi keken ba. A nan kamfanin Raleigh ya fara, a wani titi mai wannan suna, cikin shekarun 1880, ya bunƙasa har ya kafa masana'anta a Kano. A 2002 aka daina haɗa kekuna a Nottingham, filin tsohuwar masana'antar kuma yanzu harabar jami'a ce. Ranar Juma'a da na ji ƙanshin sabuwar taya da giris, mahaifina na tuna.

Ranar rabo ina amsa waya da Hausa, sai wani saurayi daga cikin masu karɓa ya matso ya ce, "Sannu Yaya, kai ma Bahaushe ne?" Ɗan Sudan ne, daga cikin Hausawan da kakanninsu suka zauna a can kan hanyar Makka. Yaƙin da ya ɓarke a 2023 ne ya raba shi da gida. Na daidaita masa sirdi, ya hau ya zaga filin sau biyu, ya kaɗa ƙararrawa, ya dawo ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba. Ƙanena, Allah Ya daidaita takardunka, Ya kawo wa ƙasarku zaman lafiya.

Mata huɗu daga cikin masu karɓa ba su taɓa hawa keke ba. Ranar Asabar mai zuwa da ƙarfe 10 na safe abokan aikina mata uku za su fara koya musu, ni da Baba za mu zo da famfo da sufana. Duk wanda ke Nottingham yake da keken da ya daina hawa, ya yi mini magana, zan zo in ɗauka.